Wanda Ya Kafa Turken Farko

Ku matso, ku kife wayoyin nan. Kun ga Kawu Lurwanu ba ya rabuwa da gorar ruwa? Yau za ku ji dalili.

Da can rijiyar burtsatse yake haƙawa, shi da amininsa Sabi'u. Kwano ɗaya suke ci tun suna makaranta. Suna da wata na'ura mai gano ruwa a ƙarƙashin ƙasa, Kawu ya yarda da ita fiye da idonsa. In ka ce masa aljani, sai ya ce kawo shi a auna.

Wani ƙauye suka je da rani. Na'ura ta nuna ruwa a gindin wata tsamiya. Sabi'u ne ya je gaida mai gari, shi kaɗai. Da ya dawo sai ya miƙa wa Kawu guduma da turken da za a kafa a inda za a haƙa.

"Kai ne babba. Kafa mana."

Kawu ya ji daɗi. Ya kafa.

Daren nan shi ya kwana gadin injin haƙa, Sabi'u ya ce kansa na ciwo. Can sai ga wata tsohuwa ta yi sallama. Bakinta ya motsa, amma muryar daga ƙarƙashin ƙasa ta fito. Duk inda ta taka, sawun jiƙe yake sharkaf. Ga rani.

Kawu ya ɗaga waya ya saita ta da kyamara. Tsamiya kaɗai ya gani a ciki.

"Wa ya huda min rufin ɗaki?"

"Ni ne, Iya. Ban sani ba."

"Mai gari ya faɗa wa abokinka. Mai turken farko shi ke ɗaukar alhaki. Sau uku ya faɗa masa."

Kawu ya ce ba ganinta ne ya kashe masa jiki ba, wannan maganar ce.

Ta miƙo masa ƙwarya. "Ruwa kake nema. Sha."

Ya sha. Tun ranar ƙishirwa ba ta sake shi ba. Asibiti uku ya je, an ɗebi jini, an ɗauki hoto, kowace na'ura ta ce lafiyarsa ƙalau.

Sabi'u kuwa sau ɗaya ya zo dubiya, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kawu ya miƙa masa hannu, hannun da ya kafa turken. Sabi'u ya zura nasa a aljihu.

Don haka kada kowa ya bi ta gindin tsamiya shi kaɗai. In kuma da aboki za ka, ka lura da abin da ya miƙo maka.