Shurin da Ya Zubar da Shinkafar Kirsimeti

Janet 'yar aji shida ce, gidansu yana Tarauni. Duk yammacin Asabar takan je Gyadi-Gyadi, inda Malam Tanko yake koya wa yara takwando, wasan kare kai da hannu da ƙafa.

A cikin yaran nan, babu mai ɗaga ƙafa sama kamar Janet. Ta kuwa san da haka. In aka yabe ta, har tafiyarta sauyawa take yi.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, Malam Tanko ya tara su. Ya ce, "Bayan sabuwar shekara akwai gwaji. Duk wanda ya fasa katako da shuri daidai tsayin kansa, zai sami koren bel, ɗamarar mataki na gaba. Wanda ya kasa, sai wani zagayen. Ku riƙa miƙa ƙafafunku kullum. In kuka bari, jijiya za ta ɗaure."

Janet ta daɗe tana son koren bel ɗin nan. Amma sai ta raɗa wa ƙawarta Hasana, wadda suke takwando tare, 'yar maƙwabciyarsu Hajiya Indo, "Malam da sauran yara yake. Ni ƙafata ta riga ta saba."

Hasana ta ce, "To, Allah ya sa."

Sai hidimar Kirsimeti ta kankama. Yau ana gidan kitso, gobe ana wajen tela. Ga koyon waƙa a coci, ga suyar cincin. Baƙi suka zo daga Zonkwa, gida ya cika har ba wurin aje ƙafa. Kullum Janet sai ta ce gobe za ta yi atisaye. Goben nan kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar Kirsimeti, da aka dawo daga coci, Mama ta cika babbar kula da shinkafa da naman kaza. Ta ce, "Janet, kai wa Hajiya Indo. Ki riƙe da kyau. Kin san duk sallah mu take fara kawo wa tuwo."

A bakin ƙofa Janet ta ci karo da Habila, ɗan kawunta. Habila akwai tsokana. Ya ce, "Wai ke ce mai takwando? Tun da muka zo, ni dai cin cincin kawai na ga kin iya."

Maganar ta ɓata wa Janet rai. Ta ɗora kular a kan benci. Ta ce, "Ɗaga hannunka daidai kaina ka gani."

Ba ta motsa jiki ba, ba ta miƙa ƙafa ba. Ta kai shuri da ƙarfinta. Ƙafar ko kafaɗarta ba ta kai ba. Wani zafi ya soke ta a cinya, ta tafi da baya ta faɗa kan bencin. Kula ta kife, shinkafa ta watse a ƙasa. Kajin layin suka taho a guje, su ma suka yi Kirsimeti.

Habila ya so ya yi dariya, amma da ya ga Mama a tsaye, sai ya haɗiye ta.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga Janet, ta duba ƙafar. Sannan ta ce, "Wadda ta rage a tukunya ta baƙi ce. Ga cincin, ki kai wa Hajiya. Ki faɗa mata abin da ya faru da bakinki."

Kunya ta kama Janet ƙwarai. Ta tafi tana ɗingishi, ta durƙusa ta gaishe da Hajiya Indo, ta faɗi gaskiya duka.

Hajiya ta ce, "Ba komai, 'yata. Ki ce wa Maman Janet mun gode, Allah ya maimaita mana. Ƙafar dai da sauƙi ko?"

Janet ta fashe da kuka. Ta ce, "Hajiya, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na rasa koren bel."

Hasana ta ja hannunta zuwa tsakar gida. Ta ce, "Ba ki rasa ba tukuna. Me ya hana ki atisaye?"

"Aiki ne ya yi yawa. Ina na ga lokaci?"

"Mu da babbar sallah fa? Ga suyar nama, ga baƙi, ga aike. Zo ki ga yadda na yi."

Hasana ta kifa turmi. Ta ɗora dugaduganta a kai, ta miƙe ƙafar sosai. Sannan ta ɗauki faranti tana tsince wake. Ta ce, "Kin gani? Hannu yana aikin Umma, ƙafa tana aikin Malam."

Janet ta share hawaye, ta yi dariya.

Ta bari sai da cinyar ta daina ciwo, sannan ta fara a hankali. In tana yanka albasa, ƙafarta tana kan turmin Mama. In tana jiran ruwa ya cika bokiti, tana ɗaga gwiwa. Da farko jijiyar ta yi tauri, har ta so ta haƙura. Ba ta haƙura ba. Daga turmi ta koma bakin taga. Habila ma ya daina tsokana, ya koma riƙe mata matashin kai tana shuri.

Ranar gwaji, Mama da Hajiya Indo suka hau adaidaita sahu ɗaya zuwa Gyadi-Gyadi. Hasana ce ta fara, ta fasa katakonta. Sai aka kira Janet.

Aka riƙe mata katakon daidai goshinta. Ta sunkuyar da kai ta girmama Malam. Ta ja numfashi. Ta ce wa kanta, ai bai fi bakin taga nisa da yawa ba. Ta kai shuri. Katako ya rabe gida biyu.

Filin ya kaure da tafi. Hajiya Indo ta rangaɗa guɗa. Mama kuwa sai nuna ta take yi wa na kusa da ita tana cewa, "'Yata ce."

Malam Tanko ya ɗaura mata koren bel. Ya ce, "Madalla. Wa ya kula da ke a lokacin hutu?"

Janet ta ce, "Hasana ce, Malam. Da turmin Mama."

Da yamma Mama ta sake cika kular nan da shinkafa da kaza. Janet ta ɗauka da hannu biyu, koren bel a ƙugunta, ta kai har gaban Hajiya Indo. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba.

Daga ranar Janet ta gane cewa iyawa ba ta zama in ba a kula da ita ba. Komai yawan hidima, wanda ya yi kaɗan kullum ya fi wanda yake jiran gobe.