Gayya a Gonar Maccido

"Ba ka zuwa Kebbe!" Ɗangiwa ya daka wa ɗansa Lauwali tsawa. "Da wace ƙafa za ka yi noman gayya?"

"Da hannu ake riƙe hauya, Baba."

"Na gama magana!"

Damunar da aka samu mulkin kai ke nan, Lauwali ya zama saurayi. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana goye. Ƙannensa duk an yanka musu gonakinsu, shi kuwa tuwo ake kai masa inuwa kamar jinjiri.

Mardiya ta zo garinsu Tambuwal daga Kebbe ganin gwaggonta, ta iske Lauwali yana tufkar igiya, ta kalli fuskarsa maimakon ƙafarsa. Da zancen aurensu ya taso, ubanta Maccido magana ɗaya ya yi: mai son ɗiyarsa ya zo gayya, ya fid da kuyya guda, wato ya nome kunyar gona har ƙarshe, kamar kowa.

Lauwali ya saci jiki, ya hau jaki ya tafi.

A gonar ya ɗaura fata a gwiwa, ya shiga layin samari da rarrafe. Da fari sun yi dariya. Da ya wuce rabin kuyya, dariya ta ƙare, mai ganga ma ya koma yi masa kirari. Fatar ta yage, jini ya haɗu da ƙasa.

Mardiya ta durƙusa da ƙwaryar ruwa.

"Sannu, Lauwalina... saura kaɗan, masoyina."

"Ko da haɓa ne sai na kai, Mardiya."

Sai ga Ɗangiwa, ya biyo sawu tun daga gida. Yana ganin jinin, bai yi wa kowa sallama ba. Ya sunkuci ɗansa ya saɓa a kafaɗa.

"Baba, sauke ni! Don Allah... tana kallo!"

"Ɗana ba shi mutuwa gonar wani!"

Maccido ya dubi guntun kuyyar da ta rage.

"Malam, ni ban raina ƙafarsa ba. Amma wanda ubansa ke ɗauka har yanzu yaro ne. Ba na ba yaro ɗiyata."

Mardiya ta fasa kuka, mata suka janye ta.

Sun yi nisa a hanya kafin Ɗangiwa ya buɗe baki.

"Don ina sonka na yi, Lauwali."

"Na sani, Baba. Da maƙiyi ne ya yi mini haka, da na san inda zan kai ƙara."