Amare Biyu, Waya Ɗaya

Akwai wata yarinya, autar gidansu, mai saurin hannu da saurin baki. Mahaifiyarta tela ce. A kwamfutar shago take ajiye sunan duk mai kawo ɗinki, da lambar wayarsa, da awonsa.

Ranar Asabar Umma ta ce, "Auta, wasu sunayen sun shiga sau biyu. Haɗe min su. Amma kafin ki haɗa, ki tambaye ni."

"To, Umma."

Da farko tana tambaya. Can ta gaji. Sai ga "Amarya" har sau biyu, lambar waya iri ɗaya. Kwamfuta ta tambaya ko a haɗa su.

"Wannan ai ko makaho ya gani," in ji Auta. Ta danna. Awo ɗaya ya tsaya, ɗayan ya ɓace.

Washegari Umma ta shimfiɗa farin yadi a tebur. Ta duba awo, ta ja layi da alli.

"Yadin babbar amarya ne," in ji ta. "Angonta ya aiko shi daga nesa, babu irinsa a kasuwa. Ita da ƙanwarta rana ɗaya za a yi bikinsu. Wayar mahaifiyarsu suka ba ni su biyun."

Ashe amare biyu ne! Auta ta tuna su. Yayar doguwa ce, ƙanwar kuwa gajera. Awon wa ya rage?

Umma ta ɗauki almakashi. Auta ta buɗe baki, tsoro ya rufe shi. Ƙyas! Almakashi ya kama bakin yadi.

"Umma, tsaya!"

Hannun Umma ya tsaya cak.

"Na haɗe sunayen amaren jiya. Ban tambaye ki ba."

Umma ta dubi layin alli, ta dubi 'yarta.

"Awon ƙanwar ne," in ji Umma a hankali. "Da kin ƙara jim kaɗan, da rigar nan ta tashi a banza. Ɗauko abin awo. Ke za ki yi musu bayani da bakinki."

Da suka isa gidan amaren, Auta ta durƙusa, ta faɗi abin da ta yi.

Doguwar ta tuntsire da dariya. "Kai, Auta! So kike ango ya gan ni da riga iya gwiwa?"

Aka sake awo. Yankan bai kai tsawon yatsa ba, Umma ta ɓoye shi cikin kalmasa. Rigar ta fito har ƙasa, tsaf da ita.

Da yamma Auta ta raba sunayen: Amarya Babba, Amarya Ƙarama. Ta gane cewa kama da wane ba ta wane. Wanda bai tabbata ba ya tambaya, wanda ya yi kuskure kuma ya faɗa da wuri.