Fijon Malam Nuhu

Tun daga kan kwanar layin yake danna hon, yaran Unguwar Shanu na bin motar a guje. Ummukulthum ta fito ƙofar gida da mayafi a karkace, tana ɗaga ido ta tsaya cak.

Shuɗiya ce mai ɗaukar ido, sai sheƙi take yi. Ba don lambar ba, wallahi da ta rantse ba tsohuwar Fijon mahaifinta ba ce.

Sharhabil, saurayinta, ya shigar da motar harabar gidan, ya tsaya a gindin mangwaro inda ya ɗauke ta. Ya fito yana murmushi, idanunsa jajur saboda rashin hutu.

"Ummuna, ga motar Baba. Yaya kika gan ta?"

Ta ƙura wa motar ido. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka daɗi ne ya ɗaure mata baki, sai ya shiga zagayawa yana nuna mata aikinsa. Ya sauke tsohon injin ya ɗora mai lafiya. Sitiyarin da a da sai an yi kokawa da shi, yanzu da yatsa ɗaya ake juya shi. Ga sabon birki, ga esi mai sanyaya ciki, gilashi kuma dannawa kawai za a yi ya sauka. Har lotsawar nan ta ƙofar gaba ya buge ta ya shafe, ko alamarta babu.

Ta leƙa ciki. Kujeru baƙaƙe, sababbi fil, ko ledarsu ba a cire ba.

"Injiniya... ina tsofaffin kujerun?"

Ya yi dariya. "Ai waɗancan sun gama aiki. Tun ranar da muka kwance ta 'yan gwangwan suka kwashe."

Ta ja da baya ta dafa mangwaron.

Akwai abin da Sharhabil bai sani ba, kuma ita ce ta hana shi sani.

Malam Nuhu, mahaifinta, yana matashin ma'aikacin gwamnati ya sayi wannan mota, mai launin ruwan madara, da ita ya yi aiki har ya yi ritaya. Da Allah Ya yi masa rasuwa aka bar ta a gindin mangwaro, taya a sace, fenti na koɗewa. Ba a daɗe ba mahaifiyarta, Hajiya Harira, ta fara mantuwa. Da farko abin dariya ne, ta zuba gishiri a shayi, ta nemi carbin da ke hannunta. Daga baya dariya ta ƙare. Ranar da ta dubi Ummu, 'yarta tilo, ta ce mata baiwar Allah daga ina, ranar Ummu ta shiga banɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Amma Allah Ya bar mata ƙofa ɗaya. Da an yi la'asar Mama za ta yafa mayafi ta nufi motar, ta zauna a kujerar gaba inda ta saba zama kusa da mijinta. Za ta shafa yagaggiyar fatar kujerar, ta murza hannun gilashin ya yi ƙarar nan tasa, ta shaƙi warin tsohuwar mota da sauran ƙamshin turaren Malam. Sai ka ga fuskarta ta dawo. Ta ce, Ummu, kin ci abinci kuwa? Ta yi mata faɗan ramar da ta yi, ta tambayi wurin aikinta. Kafin magariba abin ya sake tafiya. Wannan ɗan lokacin shi ne duk abin da ya rage wa Ummu na uwa.

Da maganar aure ta taso, Inna Safiyya, ƙanwar Mama da ke zaune da su, ta ja Ummu ɗaki ta gargaɗe ta. Ta ce dangin yaron nan za su zo bincike, kuma mutane ba su san wani ciwon mantuwa ba, cewa za su yi akwai hauka a gidan. Kul, ko shi kada ya ji, sai an ɗaura.

Ummu ta bi. Ta tsayar masa da lokacin zuwa zance bayan la'asar, ba gaba ba baya. Ya rufe garejinsa a Kurmin Mashi ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofar motar ya gaishe da Mama, ita kuma ta tsokane shi da baƙin mai da ke farcensa. Bai taɓa ganinta a wani wuri ba. A wajensa tsohuwa ce mai raha, mai kewar mijinta.

A nan ne wata rana Mama ta ce masa ai Malam ya sha faɗa, da wannan motar za a kai Ummu ɗakin mijinta. Shi ke nan, magana ta zauna masa a rai. Ya roƙi Ummu ta ba shi motar, ta ce a'a. Ya tambayi dalili, ta rasa na faɗa. Ya ce ko ba ta yarda da aikin hannunsa ba ne? Ta ga ransa ya sosu, sai ta ce to, amma injin kawai, ya tayar da ita ya dawo da ita cikin kwanaki.

Ina! Mutumin da soyayya ta cika wa zuciya, ga gwaninta a hannu, wa zai tsayar da shi a kan injin kawai? Kwanaki suka zama makonni. Kullum la'asar Mama na fitowa ta tsaya a inda mai ya yi baƙin tabo a ƙasa, ta yi ta waige-waige, sannan ta koma ciki shiru. Ummu ta yi ta kiransa a waya, yana cewa ta ƙara haƙuri, abin mamaki yake shirya mata. Sau nawa maganar ta zo mata har baki tana haɗiyewa. Tsoro mugun abu ne.

Yanzu ga motar ta dawo, ga kuma kiran sallar la'asar ya wuce.

Mama ta fito a hankali da mayafinta. Sharhabil ya yi saurin durƙusawa.

"Mama, ina wuni? Ga motar Baba na kawo miki."

Ta dube shi kamar yadda ake duban mai tallan da ya yi ɓatan gida. Ummu ta kama hannunta, ta buɗe mata ƙofar gaba. Mama ta ɗosana a bakin kujerar, ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinta. Ta miƙa hannu tana laluben abin murza gilashi. Babu. Ta sake lalubawa, ta shafa ƙofar sama da ƙasa. Sai tsoro ya bayyana a fuskarta.

"Baiwar Allah," ta ce wa Ummu a hankali, "taimake ni ki sauke ni kafin masu motar su zo."

Inna Safiyya ce ta zo ta shigar da ita ciki, kanta a sunkuye.

Sharhabil na nan durƙushe bai tashi ba.

"Ummu... me ya sami Mama?"

Ta faɗa masa komai, tana kuka tana faɗa. Bai katse ta ba har ta kai aya.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan rasuwar Baba."

"Kuma kika bar ni na kwance motar nan da hannuna?"

"Na ji tsoro ne. Na ji tsoro danginka su ce... ka tafi ka bar ni."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Da ya ɗago, hawaye ne a idonsa.

"Kakata da wannan ciwon ta rasu, Ummu. Ni nake ba ta abinci a baki, tana kirana da sunan wanta. Babu wanda bai san ciwon nan ba a gidanmu. Da kin faɗa mini, sanyin idona. Da kalma ɗaya kawai kika faɗa mini."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ashe duk ɓoyon nan na banza ne, kuma ɓoyon ne ya cinye mata uwa.

Washegari ya tura motar gareji ya bazama neman kujeru. 'Yan gwangwan ba sa ajiye kaya, abin da suka saya da safe kafin yamma ya sauya hannu. Ya bi su kasuwar Panteka, aka ce an rarraba. Ta baya an yage ta an cire soso, ta direba an kai narka. Ya yi ta bin sawu har aka kwatanta masa wani mai shayi a bayan tashar Kawo. A can ya tarar da kujerar Mama, direbobi na zama a kai suna jiran lodi. Ruwan damina ya dake ta, hayaƙin itace da man suyar ƙwai sun kama ta.

Ya ɗauko ta a kafaɗa kamar mai ɗaukar mara lafiya.

Sai ya shiga rushe aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa. Ya kankare shuɗin fenti ya mayar da ruwan madara. Ya cire na'urar gilashi ya sa hannun murzawa. Ummu na tsaye a garejin ranar da ya tambaye ta daidai ina lotsawar take. Ta nuna masa wurin da Baba ya taɓa gogar ƙofar gida yana sauri zai kai Mama asibiti, ranar da za a haife ta. Ya ɗauki guduma ya buga wa ƙofar da ya ɓata kwanaki yana gogewa. Abokan aikinsa suka tsaya suna kallonsa, wani ya ce Sharhabil lafiya kuwa? Bai ko waiga ba.

Da ya dawo da ita, Ummu ta ɗauko ragowar kwalbar turaren Baba ta shafa wa kujerar. Aka yi la'asar. Ta kamo hannun Mama, tana ta addu'a a ranta.

Mama ta zauna. Ta shafa fatar kujerar, yatsunta suka sami yagewar da suka sani, suka tsaya a kai. Mama ta kama hannun gilashin ta murza. Ya sauka sumul, ba ƙara. Sabo ne, ina zai sami ƙarar shekaru?

Ta kalli gabanta. Can ta juyo ta dubi Sharhabil da ladabi, ta tambaye shi ko shi ne direban, kuma motar ina za ta.

Aka gwada gobe, aka gwada jibi, aka yi ta gwadawa. Likita ya ce dama ciwon gaba yake yi, wataƙila ko an bar motar da hakan za ta faru. Ummu ta ji shi ne kawai. Ita dai ta san akwai ƙofa, ta san kuma da hannunta ta miƙa mabuɗinta.

Ta ce wa Sharhabil a fasa auren, ba za ta iya kallon fuskarsa ba tare da ta tuna ba, shi ma ba zai iya kallon tata ba. Ya ce tunda tare suka yi ɓarnar, tare za su ɗauki nauyinta. Da kansa ya je ya faɗa wa iyayensa. Mahaifiyarsa ta zo ta wuni da Mama, ta yanke mata farce, ta fita tana share hawaye. Ya saki gidan da ya kama a Kurmin Mashi ya nemi wani a bayan layinsu, don kullum Ummu ta riƙa wuni wajen Mama.

Aka ɗaura aure ranar Asabar, ba kiɗa ba taro mai yawa.

Da la'asar motar na tsaye a ƙofar gida, ruwan madara, da lotsawarta. Inna Safiyya ta kamo amarya lulluɓe ta kai ta ɗakin uwarta, a yi sallama kamar yadda aka saba. Ɗakin ya cika da mata.

Ummu ta durƙusa ta ɗora kanta a cinyar Mama.

"Mama, za a tafi da ni. Ki yafe mini... ki sa mini albarka."

Mama ta ɗaga mayafin ta leƙa fuskarta, ta yi murmushi mai taushi. Ta shafa lallen hannunta.

"Kai, amarya kyakkyawa. 'Yar gidan wa ce?"

Inna Safiyya ta toshe bakinta da gefen zane.

"Allah Ya ba ki zaman lafiya, 'yar nan. Ki daina kuka, ki yi haƙuri da mijinki." Ta share mata hawaye da tafin hannu, sannan ta sunkuyo kusa da kunnenta kamar mai roƙon alfarma. "Ni ma ina da 'ya kamar ke, Ummukulthum sunanta. Na daɗe ban gan ta ba. In kin haɗu da ita a hanya, don Allah ki ce mata ina cikin motar Babanta ina jiranta."

Ummu ta riƙe hannun nan ta ƙanƙame, sai da aka ɓamɓare ta.

"Zan faɗa mata, Mama," ta ce. "Wallahi zan faɗa mata."