Uwar Da Aka Binne Ta Zo Biki

A shagon gyaran waya suka haɗu. Auta, jikata, na ta zuba wa mai shago faɗa a kan katun ɗin da muke kallo a gida, wanda aka nuna ƙarshensa kwanan nan.

"Uwar jarumin ta nutse a kogi tun farkon labari, a kan idonmu aka binne ta! Sai ga ta a kashi na ƙarshe tana rawa a bikinsa. Wane mahaukaci ne ya rubuta wannan?"

Wani saurayi da ke jiran wayarsa ya ɗaga hannu a hankali. "Ni ne."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kafin ka ce me, saƙonni sun fara yawo. "Alƙaliyata, kin ci abinci, ko har yanzu kina yanke mini hukunci?" Ita kuma: "Mahaukacina, faɗa mini wa aka binne tukuna."

Da ya turo manyansa, ubanta ya amince. Ni na ce ban yarda ba. Matar nan ta cikin katun ɗin kuka na yi mata har jinina ya hau, ashe wasa ake da hawayena! Mutumin da zai tono gawa bai ce wa kowa uffan ba, shi zan ba jika? Na ce a kawo mini shi.

Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Kai ɗan nan, wa muka binne?"

"Ita ce, Kaka."

"Wa ke rawa a biki?"

"Ita ce."

"Fatalwa ce? Mafarki yake yi?"

"A'a."

"Au, har ɗakina za ka zo ka raina mini hankali?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina cikin rubuta ƙarshen mahaifiyata ta rasu. Da na zo kan bikin, na ga kujerar uwar ango ba kowa, sai na kasa barin ta haka. Na san kuskure ne. Abokan aikina duk sun faɗa mini."

Auta da ke zaune gefena ta toshe baki. Ita ma bai taɓa gaya mata ba.



"Labarinka dai ya karye," na ce, "kuma ba zan fasa faɗa ba. Matacce ba ya rawa. Tashi daga ƙasan nan, akwai sanyi."

Ranar biki dangin amarya suka yi ta cigiyata. Ina can ɓangaren ango, na zauna daram a kujerar uwarsa.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya jiƙan wadda ta haife shi.