Gado na Uku

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, na yi jinyar ƙanena Gambo a wani ƙaramin asibiti kusa da Makarfi. Maiwada mai allura ba ya tambayar sunan kowa, gadaje yake ƙirgawa kamar mai raba wa awaki dusa. Ran nan rufi ya yi yoyo, aka mayar da Gambo gado na uku, gadon wani ƙaton tsoho da aka sauya wa wuri.

Cikin dare ga Maiwada da fitila, yana hamma, ya zuƙo allurar tsohon. Na gane Gambo zai yi wa. Wace ce ni da zan gyara wa mai farar riga?

Sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Wata mata na zaune a bakin gadon, ban ji shigowarta ba.

"Sakarai," ta ce, muryarta kamar daga cikin rijiya, "ka duba fuskar yaron nan kuwa?"

"Ke wace ce? Fita!"

Ta ja tsaki. "Ina ka san ni? Ni ma bara ba ka duba tawa ba."

Allurar ta suɓuce masa. Ya ɗaga fitila, ya haska ta. Ba mayafi ta yafa ba, likkafani ne.