Tsinken da Ya Hau Goshin Farruja

Ni na raka shi wurin boka, saboda haka kada wani ya ce mini ba haka aka yi ba. Sunana Sakkura. Arezki ƙanena ne, maƙerin azurfa a ƙauyenmu na kan duwatsun Kabiliya, inda kusan kowane gida uku akwai maƙera. Tsinken ɗaure mayafi yake ƙerawa kamar kowa, kuma hannunsa ba laifi. Zuciyarsa ce ba ta zauna ba. In ya ga alfadarin maƙwabci ya dawo daga kasuwa da kaya, ranar ko kuskus ba ya iya haɗiyewa.

Da tsakar rana muka gangara kufan Rumawa, inda ginshiƙan dutse suke kwance cikin ƙaya. Bokan yana zaune a wani tsohon kabari da aka sassaƙa a jikin dutse. A bakin ƙofa akwai busasshen zaitun, an ɗaure masa tsummoki baƙaƙe. Ciki sanyi, ga warin lubban da na tsohon jini. Ƙahonin awaki na rataye, ƙudaje kuma sun rufe wani kasko a ƙasa. Bokan bai ɗaga kai ba.

"Maƙeri, azurfa kake so ko suna?"

"Duka biyu, Baba."

Bokan ya tura hannu cikin wani rami a bango har kafaɗa, ya zaro tsinke na tagulla, ya yi kore don tsufa, a lanƙwashe kamar baka. Ya tsoma shi a kaskon, ya hura masa hayaƙi sau uku.

"Daga kafaɗar wata na cire shi, ta fi shekara dubu a kwance. Ka maƙala shi a bayan tabzimt ɗin matarka. Muddin yana jikinta, duk macen da ta ga aikinka ba za ta yi barci ba sai ta saya."

"Nawa zan bayar?"

"Ni ba ka ba ni komai. Shi ne yake sha."

"Me yake sha?"

"Abin da ya tarar kusa da shi. Ka bar shi a ƙirji. Kada ya wuce wuya."

Na ja rigar Arezki na ce, "Mu tafi, don Allah." Ya fizge. "Yaya, ke kullum tsoro. Shekara tara Farruja 'ya'ya mata take haifa mini. Me zai kai shi goshi?"

Tabzimt faifan azurfa ne mai murjani da tsinke a baya. A ƙirji mace take sa shi, sai ranar da ta haifi namiji ta mayar da shi goshi don gari ya gani. Ga abin da ƙanena ya dogara da shi ke nan, cewa Allah ba zai ba shi ɗa ba.

Arziki ya zo kamar an buɗe masa ƙofa. Mata daga ƙauyuka bakwai suna hawo dutse a ƙasa, wata ta sayar da tunkiyarta, wata ta kawo tulun man zaitun. Ya sayi gonar ɓaure, ya yi bene, alfadarai huɗu a ɗaure. A cikin gida kuwa nonon Farruja ya ƙafe ƙaf. Jaririyarta Zahwa ta yi ta tsotso a banza, muka ba ta na akuya ta amayar, kafin ɓaure ya nuna mun binne ta. Na same shi a maƙera na ce ya cire abin nan.

"Yara na mutuwa a kowane gida, Yaya. Ki yi shiru. In dattawa suka ji, korarmu za su yi mu duka, har Inna."

Na yi shiru. Kunyar wannan shirun ba za ta bar ni ba har in mutu.

Bayan shekara biyu Farruja ta haihu. Namiji. Arezki yana kasuwar gangare, kwana biyu tsakaninmu. Guɗa ta tashi, mata suka cika ɗaki, Inna ta miƙa hannu ƙirjin Farruja ta kwance tabzimt ɗin.

Na riƙe hannunta. "Inna, a bari maigidan ya dawo."

"Sakar mini hannu, 'yar nema! Shekara goma sha ɗaya matan gari na yi mini dariya a bakin rijiya. So kike su ce mace aka kuma haifa?"

"A bari ta huta tukuna."

"Ke da ba ki taɓa sa shi a goshi ba, baƙin ciki kike yi?"

Mata suka fashe da dariya. Ita kanta Farruja ta ɗago kai tana murmushi, ta ce, "Yaya, ki bar ni in sa ko na yini ɗaya ne." Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, tsoron kora ya hana ni. Ina kallo Inna ta soke shi a ɗankwalinta, daidai tsakiyar goshi.

Kafin la'asar Farruja ta daina gane mu. Ta dubi jaririn kamar ba ta san me ake yi da shi ba, ta soma magana da wani harshe da ko limaminmu bai taɓa ji ba. Muka yi ƙoƙarin cirewa, tsinken ya riga ya huda ɗankwali ya shige fata. Arezki ya dawo ya sa awartaki, ta yi ƙarar da ta sa alfadarai suka tsinke igiya. Ya ruga kufai, ya tarar da kabarin wayam, sai kasko.

Yaron bai kai suna ba. Inna ta bi shi cikin wata guda, ba ta sake yi mini magana ba bayan na gaya mata gaskiya. Matan da suka sayi aikinsa suka riƙa zuwa suna jefo shi ta kan katanga. Arezki yanzu yana zaune a maƙerar da ba wuta, yana dukan uwar maƙera da hannu, ba guduma.

Farruja tana nan da rai. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake wanke mata gefen goshin da ke ruwa. Wani lokaci takan dawo na ɗan ƙiftawar ido, ta kama hannuna ta ce, "Yaya, ina ɗana? An gani a gari?"

Kai mai son ka fi maƙwabcinka ko ta halin ƙaƙa, ka saurare ni. Abin da za ka karɓo a irin wannan rami ba a jikinka zai sha ba, a jikin wadda ta yarda da kai zai sha. Ke kuma da kika sani kika rufe baki don a rufa wa gida asiri, zo ki karɓi cokalin nan ki ba ta amsa.